Yaushe ake burga a foka idan kai ne mai fara magana?

Sabon_Zama:

Sannunku 'yan'uwa. Tambayata a kan Texas Hold'em ce (wani nau'in wasan kati na foka), marar iyakar zubi, tebur na mutum shida, kowa da cif (ƙwayoyin da ke madadin kuɗi) na babban bilain 100 a gabansa; bilain shi ne zubin dole da mutum biyu ke sawa kafin a raba kati, ƙarami da babba, kuma da babban ake auna cif.

Abin da ake ta nanatawa shi ne burga, wato zubawa da hannu mai rauni don abokin karawa ya ajiye katinsa, ta mai zaman baya ce. Wanda ke kan botin (kujerar mai magana a ƙarshe) sai ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa, shi ya sa yake kwashe fot (cif ɗin da aka tara a tsakiya) da katin banza. To amma wanda ke babban bilain ko ƙaramin bilain fa? Shi ne zai fara magana a fulof (katuna uku na farko da ake buɗewa a tebur), shi ne a katin huɗu, shi ne a katin ƙarshe. In ya ce ba zai taɓa burga ba, duk lokacin da ya zuba an san yana da kaya, kowa ya ajiye katinsa. In kuma ya riƙa zubawa yadda ya ga dama, na baya ya bi shi sau ɗaya, ya jira ya yi cek (ya wuce ba tare da ya zuba ba), ya ƙwace fot ɗin.

Ga misali don kada maganar ta tsaya a iska. Mai botin ya buɗe da bilain 2.5, ƙaramin bilain ya ajiye, babban bilain ya bi da 5♦4♦. Fulof ya fito J♠ 6♦ 3♣. Ya fara zubawa ne, ko ya yi cek ya bi, ko ya yi cek ya ɗaga? In an bi shi kuma katin huɗu bai taimaka ba, ya ci gaba ko ya haƙura? Don Allah a ba ni lambobi, ba "ya danganta" kawai ba.

Mai_Lissafi:

Ɗan'uwa, fara da lissafi ɗaya, domin duk sauran maganar a kansa take zaune. Burgar da ba ta da wata hanyar ci sai an ajiye mata tana bukatar abokin karawa ya ajiye sau kaza, kuma ana gane wannan ne ta raba abin da ka zuba da jimillar fot da abin da ka zuba. Kashi ɗaya bisa uku na fot yana bukatar a ajiye kashi 25 cikin 100. Rabin fot, kashi 33. Biyu bisa uku, kashi 40. Fot cikakke, kashi 50. Fot ɗaya da rabi, kashi 60. Wannan lissafin bai san kujerarka ba, ɗaya ne ga na gaba da na baya.

Abin da zaman gaba ke canzawa shi ne yawan ajiyewar da za ka samu a zahiri. Na baya yana iya binka da hannu mai rauni, domin ya san katin huɗu zai nuna masa ko da gaske kake. In ka yi cek, ya zuba, kai ka ajiye. In ka sake zubawa, ya ajiye da asara kaɗan. Ke nan burga mai zubi ɗaya tak, wadda ba ka shirya mata na biyu ba, ita ce mafi tsada ga mai zaman gaba. Ga kuma matsala ta biyu: ba ka da ikon ɗaukar kati kyauta. Na baya in ya yi burga a fulof aka bi shi, yana iya cek a katin huɗu ya ga katin ƙarshe ba tare da ya biya ko cif ɗaya ba. Kai in ka yi cek, shi ne zai yanke ko za ka ga katin kyauta ko za ka biya.

Saboda haka a fulof da katin huɗu, burgar mai zaman gaba ta zama da hannun jira, wanda in an bi shi yana da katunan da za su cece shi. Haddace waɗannan. Jiran fulash (katuna biyar masu alama ɗaya) katunan ceto 9 ne: kashi 19 ya zo a kati na gaba, kashi 35 kafin a gama. Jiran jere (katuna biyar masu bin juna a lamba) mai baki biyu katuna 8: kashi 17, da kashi 31 da ɗoriya. Jere mai rami a tsakiya katuna 4: kashi 8 da rabi, da kashi 16 da rabi.

Yanzu misalinka. Fot bilain 5.5 ne. A kan J♠ 6♦ 3♣ kada ka fara zubawa. Mai botin yana da AA, KK, QQ, JJ da AJ duka, kai kuwa da kana da manyan nan da ka sake ɗagawa tun kafin fulof. Teburin nasa ne, ka bar shi ya zuba. Galibi zai sa ƙaramin zubi, a ce 1.8, da kusan duk abin da ya buɗe da shi. Nan ne damarka. Katuna biyu da ba tagwaye ba (wato ba lambarsu ɗaya ba) suna kasa haɗa ko tagwaye a fulof wajen sau biyu cikin uku, don haka yawancin abin da ya zuba da shi iska ce: K9, Q8, A4, T7 (T na nufin 10) da makamantansu. Ka ɗaga zuwa 6. Ka sa 6 don ka ci 7.3, kana bukatar ya ajiye kashi 45. Shi kuma in yana son ya hana ka cin riba da kowane kati, dole ya ci gaba da kashi 55 na renjinsa (duk hannayen da zai iya riƙewa a wannan wurin), kuma a irin wannan busasshen tebur 'yan wasa da yawa ba sa iya kaiwa nan.

5♦4♦ na daga cikin mafi kyawun hannun da za a yi wannan da shi. Kowane 2 ko 7 yana ba ka jere, kuma a kan wannan teburin shi ne hannu mafi ƙarfi, babu jeren da ya fi shi. Kana kuma da jiran nesa na ♦, wanda sai kati biyu sun zo. Sannan hannun bai da abin da zai ci da shi in an buɗe kati, biyar ce babbarsa, don haka ba ka ɓata komai ba da ka mayar da shi burga.

In ya bi, fot ya zama 17.5, saura 91.5 a gabanka. A ce katin huɗu K♥ ne, ka zuba 13. Da katin banza ne, sai ya ajiye kashi 43. Amma da katunan ceto 8 cikin 46, in an bi ka kana da kashi 17 na fot ɗin 43.5, wato wajen 7.6, asararka ta ragu zuwa 5.4. Bukatar ajiyewa ta sauko kusan kashi 24. Bambancin burga da hannun jira da burga da katin banza ke nan.

Tsohon_Hannu:

Lissafin Malam Mai_Lissafi daidai yake. Ni zan yi magana a kan wurare, domin mai zaman gaba ba ko'ina yake da bakin yin burga ba. Kafin ka taɓa cif, tambayi kanka: a kan wannan teburin, wa ya fi yawan hannaye mafi ƙarfi, ni ko shi? In shi ne, kuma bai nuna rauni ba, ka yi shiru. In kai ne, ko kuma ya yi abin da ya nuna ba shi da su, ƙofa ta buɗe.

Wurin da ya fi kawo cif, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne bayan wanda ya buɗe ya yi cek a fulof. Ɗauki teburin nan naka, J♠ 6♦ 3♣. Ka yi cek, shi ma ya yi cek. Mai set (tagwaye a hannu da na ukunsu a tebur) ko AA ko AJ ba kasafai yake barin fulof ya wuce haka ba. Abin da ya rage masa galibi A babba ne, K babba, 6 ko 3 da ya haɗa, tagwayen 7 zuwa 10, da J mai raunin abokin tafiya. Renjinsa ya yi rufi, naka bai yi ba, domin kai da komai kake yin cek a fulof, har da set. Sai ka dubi katin huɗu. In ƙarami ne ko matsakaici, kamar 4, 5, 7, 8, ko 6 ta maimaitu, ka zuba, kuma ba ƙaramin zubi ba: bilain 4 a fot ɗin 5.5 ko fot cikakke. Zubin 4 yana bukatar ajiyewa kashi 42, kuma A babba da K babba sun cika renjinsa. In kuwa A ko K ne ya faɗo, ka janye hannu sosai. Waɗannan su ne ainihin katunan da ya yi cek da su, ka zuba a nan kai ne za ka biya shi.

Kuskuren da ake yi a wannan wurin shi ne zubi ɗaya a tsaya. Mai tagwayen 9 ko A6 zai bi ka sau ɗaya, kusan dole. Kuɗin yana zubi na biyu, a katin ƙarshe, lokacin da za ka sa fot cikakke ko fiye, shi kuma yana riƙe da tagwaye na biyu ko na uku, ya san kana iya zuwa da tagwaye biyu ko jere, kuma ya san shi ba ya da su. In ba za ka iya zubin biyu ba, to ka rage yawan na farkon.

Wuri na biyu shi ne fara zubawa a fulof kan wanda ya buɗe. An daɗe ana ɗaukar wannan alamar ɗan koyo, kuma a mafi yawan tebura hakan ne. Amma a 2019, manhajar Pluribus da Noam Brown da Tuomas Sandholm suka gina ta doke ƙwararru a tebur na mutum shida, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka lura da su shi ne tana fara zubawa kan wanda ya ɗaga fiye da yadda ƙwararrun ke yi. Ba ko'ina ya dace ba. Inda ya dace shi ne ƙananan tebura masu haɗe da juna, kamar 6-5-4 ko 7-6-5, musamman in wanda ya buɗe daga kujerun farko yake. Shi manyan katuna da tagwaye ya riƙe. Kai kana da 87, 65, 54, 64, da set na ƙananan. A irin wannan teburin mai hankali zai yi ta cek a bayanka, don haka shirin cek da ɗagawa ba zai samu abin ɗagawa ba. Ka fara da ƙaramin zubi, kwata zuwa kashi ɗaya bisa uku na fot, da hannayen gaske da na jira a gauraye. KQ da KJ da QT ko dai su ajiye ko su biya don ganin katin da za su gani kyauta.

Haka kuma in ka yi cek ka bi a fulof, sai katin huɗu ya maimaita na tsakiya ko na ƙasa. K-8-4, sai 8 ta sake zuwa. Kai ka fi shi yawan 8, domin da ita ka bi, shi kuwa sau da yawa cek yake yi da ita a fulof. Nan ma ana iya fara zubawa kaɗan.

Teburan da za ka bari kwata-kwata in kai ne mai bi daga bilain: A-K da kowane kati, K-Q-J, A-Q-T da danginsu. Duk labarin da za ka bayar a nan, katinsa ya fi naka dacewa da shi.

Sabon_Zama:

Na gode ƙwarai, malamai. Abu ɗaya ya rage mini. Bayan cek da ɗagawa, an bi, na zuba 13 a K♥, an sake bi, katin ƙarshe ya zo 8♠, jere bai cika ba. Fot 43.5, saura 78.5. A nan ne hannu ke rawa. A zuba duka, ko a bar masa?

Kati_Biyu:

Kafin katin ƙarshe, ina da gyara a kan kashi 24 ɗin can. Malam Mai_Lissafi, lissafin ya auna zubi da sifili, alhali cek ba sifili ba ne. Wani lokaci na baya zai yi cek, ka ga kati kyauta, jeren ya cika. Sannan lissafin ya ɗauka ko dai ya bi ko ya ajiye. Akwai ta uku: ya zuba duka a kanka. Ka sa 13, ya tura 91.5. Sai ka biya 78.5 don fot da zai kai 200.5, kana bukatar kashi 39. Da katunan ceto 8 kana da kashi 17, dole ka ajiye. Ko da K♦ ne ya zo maimakon K♥, ka samu jiran fulash a kan jiran jere, katunan ceto 15 cikin 46, kashi 33 ke nan, har yanzu bai kai ba, kuma ka jefar da kashi ɗaya bisa uku na babban fot. Wannan haɗarin ya fi kama mai zaman gaba. Don haka a ƙara wani abu a kan 24 ɗin, kuma in abokin karawar mai yawan ɗagawa ne a katin huɗu, babban hannun jira wani lokaci ya fi kyau da cek da bi, ko cek sannan ka zama kai ne mai tura duka.

Katin huɗu kuma ba duka ɗaya ba ne. Q, K, A suna tsorata 6, tagwayen 7 zuwa 10, har da J mai rauni, ana ci gaba a kansu. 6 ko 3 in sun maimaitu sun fi yi maka amfani. J in ta maimaitu, tsaya: mafi yawan abin da ya bi ɗagawarka J ce, yanzu ya samu uku, kuma tagwaye biyunka na 6-3 sun lalace.

To, katin ƙarshe. Tebur J♠ 6♦ 3♣ K♥ 8♠. Babu fulash, babu jere. A nan babu sauran katin ceto, saboda haka ƙirga ake yi. Hannayen gaske da ka iso da su ta wannan hanyar: 66 kala uku (kala ita ce kowace hanyar haɗa katunan biyu ta alamarsu), 33 kala uku, J6 masu alama ɗaya kala biyu, J3 kala biyu, 63 kala biyu. Jimilla 12. Hannayen jira da suka faɗi: 54, 75, 74, 52 masu alama ɗaya, kowanne kala huɗu, 16 ke nan in duk ka taho da su. Ka ga matsalar. In ka zuba duka da dukkansu, burga 16 ce cikin 28, kashi 57. Shi kuwa kashi 39 kawai yake bukata, sai ya bi ka da kowace J yana murmushi.

Rabon burga a katin ƙarshe ana gane shi ne ta raba zubinka da jimillar fot da zubin sau biyu. Rabin fot: kashi 25, burga ɗaya a kan hannun gaske uku. Fot cikakke: kashi 33, ɗaya a kan biyu. Ninki biyu na fot: kashi 40. A naka, in ka zuba 33, wato uku bisa huɗu, rabon kashi 30 ne, hannayen gaske 12 suna ɗaukar burga 5. In ka tura 78.5 duka, rabon kashi 39 ne, amma J3 da 63 sun yi rauni ga irin wannan zubin tunda KJ na cikin abin da zai bi ka da shi, sai a bar set da J6, kala 8, su ma suna ɗaukar burga 5. Ta kowace hanya, wajen kala 5 cikin 16 ne ke da wuri. Sauran su yi cek su ajiye, kuma wannan haƙurin wani ɓangare ne na tsarin. Ya ma fi kyau a fara zubar da masu rami a tsakiya marasa jiran nesa tun a katin huɗu.

Waɗanne biyar? Sharaɗi na farko, hannun da ba zai taɓa ci ba in an buɗe kati. 54 ya cika wannan. Hannu kamar A6 ko 87 da ya haɗa 8 a ƙarshe ba a mayar da shi burga da garaje, domin yana cin wasu hannaye da cek. Sharaɗi na biyu, kada ka riƙe katunan da kake so a ce suna hannunsa. Wannan ne dalilin da ya sa jiran fulash da ya faɗi yakan zama mummunar burga. A ce ♠ biyu ne a fulof kuma ba su cika ba, kai kana riƙe da A♠5♠. Hannayen da za su ajiye maka nan take su ne jiran ♠ ɗinsa da suka faɗi, ga shi ka riƙe biyu daga cikin katunansu, har da babbar. Ka rage masu ajiyewa, ka bar masu bi. Jiran jere na ƙananan katuna ba shi da wannan aibin.

Sharaɗi na uku ya fi ƙarfi in fulash ya cika. Tebur K♥ 8♥ 4♣ 2♠ J♥, kana riƙe da A♥5♣. Akwai kala 9 na fulash mai A♥, kuma ka san babu ko ɗaya a hannunsa, tunda katin yana wurinka. Kai kana iya nuna kana da hannu mafi ƙarfi, shi ba ya iya riƙe shi. Nan ake yin babban zubi, ko cek da ɗagawa in ya yi ƙaramin zubi da tagwaye. Shahararriyar burgar Chris Moneymaker a kan Sammy Farha a gasar duniya ta 2003 a Las Vegas ma akwai wannan a ciki: ♠ uku a tebur, K♠ a hannunsa, Farha ya ajiye tagwayen 9. Sai dai a tuna Moneymaker ne a baya a wannan hannun, ya ga cek ɗin Farha kafin ya tura. Mai zaman gaba yana turawa ne ba tare da ya ga wannan cek ɗin ba, don haka ya fi bukatar katin toshewa, irin A♥ ɗin can, da ƙirga mai kyau.

Amsar tambayarka: da 5♦4♦ a wannan teburin, eh, yana cikin biyar ɗin, muddin a wannan wurin da wannan girman zubin kake zuwa da 66 da 33.

Shiru_Kake_Ji:

Duk abin da aka faɗa a sama ya ginu ne a kan mutum biyu a fot, kuma abokin karawa mai iya ajiye kati. In ɗaya ya rushe, lissafin ya rushe.

Mutum uku a fot: in kowannensu zai ajiye kashi 60, su biyun su ajiye tare kashi 36 ne kacal. In su uku ne a bayanka, kashi 22. Rabin fot ma da kyar ya tsira a na farko, a na biyu asara ce tsantsa. Da mutane da yawa a bayanka, burga ta koma ga manyan hannayen jira kawai, irin jiran fulash mai A ko mai katunan ceto 12 zuwa 15.

Sai mutumin da ba ya ajiye tagwaye. Rabon burga da aka lissafa an yi shi ne don wanda ke tunanin me kake riƙe da shi. Wanda ke kallon katinsa kawai, ya bi sau uku da J9, ba a yi masa burga a katin ƙarshe ko kala ɗaya. Ka ƙara girman zubi da hannayen gaske, shi ke nan. Akasinsa kuma, wanda ke sake zubawa a kowane fulof bayan shi ya buɗe, amma ya ajiye da zarar an ɗaga, ana faɗaɗa masa cek da ɗagawa har da jiran nesa kamar 8♦7♦ ko Q♣T♣ a teburin misalin nan.

A lura da girman cif ma. In abin da ya rage masa bai kai rabin fot ba, ba shi da abin tsoro, zai bi. A gasa kuwa, dab da shiga kuɗi, masu matsakaicin cif ne suka fi ajiyewa ga wanda ya fi su, ba mai tarin da ya fi kowa ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne in labarin bai haɗu ba. Cek ka bi, cek ka bi, sannan ka tura duka a kan katin da bai canza komai ba, wane hannu kake cewa kana da shi? In ba za ka iya lissafa hannayen gaske uku da kake buga su haka ba, shi ma ba zai iya ba, sai ya bi. Kuma ka yanke shawarar katin gaba tun yana tunanin nasa zubin, domin mai zaman gaba da ya yi dogon nazari kafin ya zuba, alhali da set nan take yake zubawa, ya riga ya faɗi abin da ke hannunsa.

Mai_Lissafi:

Gyaran Kati_Biyu ya zauna, kashi 24 ƙasan bukata ne, a aikace a nemi sama da haka.

Akwai wuri ɗaya da ba a taɓo ba, inda mai zaman gaba ne ke da rinjayen renji: fot ɗin da ka sake ɗagawa kafin fulof daga ƙaramin bilain. Mai botin ya buɗe da 2.5, ka mayar 11, babban bilain ya ajiye, mai botin ya bi. Ana yin ɗagawar da girma, ninki huɗu ko fiye, domin ba ka son ya bi da arha yana bayanka. Hannayen burga a nan irin A5 da A4 masu alama ɗaya ne. A ɗin da ka riƙe tana rage AA ɗinsa daga kala 6 zuwa 3, AK daga 16 zuwa 12, kuma in an bi ka kana iya haɗa fulash mafi girma ko ƙaramin jere.

Fot 23 ne, saura 89. Cif ɗin bai kai ninki huɗu na fot ba, wannan kuwa yana rage amfanin zaman baya, tunda zubi uku na ɗan sama da rabin fot sun kwashe komai: 12 a fulof, fot ya zama 47, saura 77. Sai 25 a katin huɗu, fot 97, saura 52. Sai 52 a ƙarshe. Ka tsara wannan tun kafin zubin farko. A tebura kamar A-7-2, K-8-3 ko Q-Q-5, kai ne mai AA da KK da AK, ƙaramin zubi na 6 zuwa 8 da kusan duk renjinka yana aiki, tunda ajiyewa kashi 21 zuwa 26 kawai yake bukata. A tebura kamar 9-8-7 ko 8-7-6 masu alama biyu iri ɗaya, abin ya juye: shi ne mai 99, 88, 77, T9 da 98 da ya bi da su, kai kuma AK da AQ sun cika maka hannu. A nan ka yawaita cek, har da wasu AA da KK, don kada cek ɗinka ya zama alamar ka sallama. AK marar jira ya yi cek ya ajiye ga babban zubi.

A zubin ƙarshe na 52 cikin 97, shi yana bukatar kashi 26 kawai don ya bi, don haka rabon burgarka ma kashi 26 ne, kusan ɗaya a kan hannayen gaske uku. In ka iso da AA, KK da AK kala 21 a tebur mai K, burga 7 ce ke da wuri, kuma a zaɓe su daga masu riƙe da A ko Q, domin su ne ke rage AK da KQ da zai bi ka da su.